Kyankyasai a gidan da aka rufe: Kada mu mayar da ɗakin kwana rumbun hatsi

Shekara uku ke nan mukullin gidan yayana yana hannuna. Shi ma'aikaci ne a Abuja, can yake zaune da iyalinsa, amma ya gina gida mai ɗaki uku da falo a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin da suka tsiro a bayan kasuwar Dawanau. Ba sa zuwa sai da Sallah, ko in an yi biki ko rasuwa. A shekarar farko ban ɗauki riƙon mukullin a bakin komai ba. Na rataye shi a ƙusa na manta da shi, har sai da azumi ya kai ashirin da biyar ya bugo mini waya ya ce, "Ka nemi yara su share gidan, jibi muna hanya."

Wata tara ke nan rabon da a buɗe ƙofar, tun da suka koma bayan Babbar Sallah. Abin da ya fara tarbata wari ne, irin ƙarnin nan da duk wanda ya taɓa buɗe tsohon sito ya san shi. Sai kashinsu, baƙi-baƙi kamar an barbaɗa masoro, a kan kantar kicin da cikin kwanuka. Sai kwanson ƙwansu mai kama da jan wake, a manne a bayan durowa da ƙarƙashin gado. Da muka ɗaga kwalin da ya tara takardunsa a ciki, suka watse ta ko'ina, manya da ƙanana, yaran da na ɗauko suka yi waje da gudu. Shaddodinsa biyu da aka wanke aka sa wa sitati aka ninke, duk an gaigaye su ta bakin ninkin. Ko gefen takardar filin gidan ba su bari ba.

Da ya iso ya gani da idonsa, sai ya riƙe baki. Ya ce, "Ai sai da na yi wa gidan nan wanka da fiya-fiya kafin mu tafi. To bana bom zan saka. Kowane ɗaki ƙwaya biyar, in ja ƙofa in kulle, mu ga wanda zai kai labari." Na ce, "Yaya, bangon ɗakinka na baya da na maƙwabcinka ɗaya ne, kuma a ɗakin nan 'ya'yansa suke kwana." Mun daɗe muna musu a ranar. Musun nan ne nake son kawowa gaban masu karatu, domin na lura ba yayana kaɗai ke da wannan tunani ba.

Gidan da aka rufe ba baƙon abu ba ne a wannan yanki namu. Da kaka ta yi, ɗan kasuwar hatsi yakan shiga kasuwannin ƙauye sayen wake da riɗi, wani har Gombe da Taraba ko Maraɗi, ya kai iyalinsa gidan iyaye ya kulle nasa. Ɗan ci-rani yana tafiya Legas ko Fatakwal bayan an gama girbi, ba ya dawowa sai ruwa ya kusa sauka. Alhaji da Hajiya suna yin wata guda ko fiye a ƙasa mai tsarki. Mai haihuwar fari takan tafi wankan gida, ɗakinta ya kwana arba'in ko sama da haka a rufe. 'Yan kasuwar da suka zo daga kudu suna kulle ɗakunan hayarsu a watan Disamba. Ga kuma irin su yayana, waɗanda suka cika filayen da ke tsakanin Mil Tara da Dawanau da gidajen da ba a kwana a cikinsu sai sau biyu a shekara. Kowannensu, ranar da zai ja ƙofa, tambaya ɗaya yake yi wa kansa: me zan saka?

Kuma a Dawanau amsar tana kusa, har ta yi kusa da yawa. Tun da aka kafa kasuwar a 1985 a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin hatsi a Afirka ta Yamma, kuma inda hatsi ya taru dole maganin ƙwari ya taru. Yaron da ya tashi yana dako ko ɗinkin buhu ya san bom da fiya-fiya kamar yadda ya san gishiri da kanwa. Ya ga an saka ƙwaya a tsakiyar buhunan wake, an buɗe bayan mako ba ƙwaro ko ɗaya mai motsi. Me zai hana ya ɗauka cewa abin da ya tsare wake zai tsare ɗaki? Ra'ayina shi ne wannan lissafi kuskure ne ta fuska biyu. Ba ya tsare gidan, kuma yana iya kashe mutum.

Bari mu fara da dalilin da ya sa feshin yayana ya tashi a banza. Kyankyason da ya fi damun mu shi ne babban nan ja, mai fiffike, wanda Turawa ke kira na Amurka duk da cewa masana sun ce asalinsa daga wannan ɓangare na duniya jiragen ruwa suka kwashe shi. Gidansa na gaskiya ba ɗakinka ba ne. Yana zaune a masai da salga da sokawe da lambatu, inda akwai duhu da ɗumi da laima, ɗaki kuwa wurin kiwo ne da yake shiga da dare. Macen tana zuba ƙwanta a cikin wani kwanso mai tauri, kowane ɗaya da ƙwai kimanin 14 zuwa 16, ta manna shi a lungu ta yi gaba. Sai bayan mako shida zuwa takwas suke ƙyanƙyashewa. Akwai kuma ƙaramin nan mai ruwan ƙasa da ke cika kicin da bayan firji, wanda kwansonsa ke ɗauke da ƙwai 30 zuwa 40.

Sinadarin da ke cikin fiya-fiya da Sniper, wato dikilobos, ƙarfinsa a tururinsa yake. Yana kashe abin da ya tarar a daren da aka fesa shi, sannan cikin 'yan kwanaki ya bi iska. Ƙwan da ke cikin kwanso kuwa yawanci feshi ba ya ratsa shi. To ka auna da kanka: magani ya ƙare a makon farko, ƙwai ya fashe a mako na bakwai, mai gida ba zai dawo ba sai wata na tara. Waɗanda ke cikin sokawe ma ba su san an yi feshi ba. Yayana ya kashe na ranar, ya bar wa na gobe gida shiru, ba mai shara, ba mai kunna fitila, ba ko kazar da za ta tsattsage su a tsakar gida. Wannan batu na kaza ba wasa nake yi ba. A gidan ƙauye da ake sharar safe da ta yamma, kaji na yawo, da wuya kyankyaso ya yi sakaci ya kwana biyu a fili.

Bom kuma wani abu ne daban, kuma a kansa nake son in tsaya. Sunansa na kimiyya alminiyom fosfaid, an fi saninsa da sunan kamfani Phostoxin. Ƙwaya ce mai ruwan toka, nauyinta giram uku. Da zarar ta haɗu da laimar da ke cikin iska sai ta fara fitar da iska mai guba da ake kira fosfin, kowace ƙwaya kimanin giram ɗaya. An yi ta ne domin hatsin da aka lulluɓe da tamfol aka danne gefensa, ko rumbun ƙarfe da iska ba ta fita, a bar shi kwana biyar zuwa bakwai, kuma wanda aka horar ne ya kamata ya saka ya kuma buɗe. Sharaɗin aikinta ke nan: gubar ta zauna wuri ɗaya.

Yanzu dubi ɗakunanmu. Rufin kwano ne, silin ɗaya ya ratsa ɗakuna uku ko huɗu, a gidan haya ma har goma. Akwai ramin da mai wayarin ya huda ya bari, akwai tsagar da ke tsakanin bulo da katakon rufi, akwai ƙarƙashin ƙofa. Gubar ba za ta zauna ba. Za ta bi waɗannan hanyoyi ta tsere, ta rasa ƙarfin da za ta gama da ƙwan kyankyaso a ɗakin da aka saka ta, amma ta isa ɗakin da ke maƙwabtaka da ƙarfin da zai illata yaro mai barci. Wani lokaci ana jin wari kamar na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, wani lokaci kuwa hanci ba ya ankara. Kuma har yau likitoci ba su da makarin wannan guba. Abin da suke iya yi shi ne su tallafi numfashi da zuciya, su yi fatan jiki ya jure.

Ba a ƙasar da jahilci ya yi yawa kaɗai ake wannan kuskure ba. A watan Janairun 2017, a garin Amarillo da ke jihar Texas ta Amurka, yara huɗu 'yan gida ɗaya suka rasu bayan an saka wannan magani a ƙarƙashin gidansu, aka kuma watsa masa ruwa da nufin wanke shi, ruwan ya ƙara tayar da gubar. A watan Disambar 2021, a gabashin Landan, wata mata ta saka shi a ɗakunanta saboda kuɗin cizo, ta kwashe iyalinta ta bar gidan. Gubar ta hau bene ta kashe yarinya 'yar shekara 11 a gidan maƙwabta, daga baya matar ta gurfana a gaban kotu. Ka lura da yadda abin ya faru: wadda ta saka ta fita, wadda ba ta san an saka ba ita ta mutu. Daidai abin da yayana ya so yi ke nan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, in irin wannan ta faru a unguwarmu, da wuya a gano. Alamunta ciwon kai ne da jiri da amai da ciwon ciki da ƙuncin ƙirji. Uwa za ta ce zazzaɓin cizon sauro ne, uba ya ce abincin daren jiya ne, kaka ta ce iska ce. A ba yaro magani a mayar da shi ɗakin da gubar take ya kwanta. Wanda ya saka bom ɗin kuwa yana Abuja ko Legas, in labari ya kai masa ya yi ta'aziyya ta waya da zuciya ɗaya. Saboda haka duk gidan da mutum biyu ko uku suka tashi da irin wannan ciwo a dare ɗaya, musamman in akwai ɗakin da aka kulle ko sito a jikin bangonsu, a fita da kowa waje tukuna, a nufi asibiti, a gaya wa likita abin da ake zargi. Kada a tsaya ɗura wa mutum manja ko madara.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini a rumfar kasuwa: "Malam, shekara ashirin muna sakawa, ba abin da ya faru." Na yarda an saka sau da yawa an kwana lafiya. Wanda ya saka da hunturu, iska a bushe, ƙwayar na narkewa a hankali, gidansa kuma ba ya jingine da na kowa, yana iya tsira. Wanda ya saka a watan Agusta, bango ya jiƙe, an rufe tagogi saboda ruwa, lissafinsa daban ne. Kuma ko an kwana lafiya, me aka samu? Fosfin ba ya barin komai a bango. Bayan mako guda gidan ya koma yadda yake, ƙofofin kyankyaso a buɗe. An sa ran yaran maƙwabci a caca saboda kariyar kwana bakwai a tafiyar wata tara. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Hukuma ta san da matsalar waɗannan magunguna. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan dikilobos da aka riƙa samu a cikinsa, kuma 'yan kasuwar Dawanau sun fi kowa sanin abin da wannan ya jawo. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper da ire-irensa na gona a kantuna da tsakiyar kasuwa, ta taƙaita shi ga dillalan kayan noma. Amma doka a takarda daban, abin da ke kan tebur a bakin titi daban.

Wani abin mamaki shi ne, wannan kasuwa da ta koya mana guba ita ce kuma ta nuna mana hanyar da ta fi. Duk mai harkar wake ya san buhun nan na PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhu a waje. A zuba wake a ɗaure kowace leda da kyau, ƙwarin da ke ciki su shanye iskar da ta rage su mutu, na waje kuma su rasa hanya. Ba ƙwaya, ba feshi, wake ya shekara lafiya. Ba za ka iya hana ɗaki iska ba, amma tunanin ɗaya ne: ka hana ƙwaro abin da yake rayuwa da shi, ka toshe masa ƙofa.

Abu na farko ruwa ne, kuma a nan Allah ya ba mu abokin aiki kyauta. Kyankyaso yana iya yin makonni ba ci, amma ƙishirwa ba ta ɗaga masa ƙafa haka. Daga Nuwamba zuwa Mayu, hunturu da bazara suna busar da komai a ƙasar Kano. Gidan da ba ɗigon ruwa a cikinsa a wannan lokaci, ba wurin zama ba ne gare shi. A gidan yayana mun tarar da randa da ruwa rabi, da bokiti biyu a banɗaki, da famfon kicin da ke ɗiga daga tankin sama ɗis-ɗis tsawon wata tara. Mu muka shayar da su. Wanda zai yi tafiya ya juye randa da duro da buta ya kife, ya rufe tanki daga sama, ya kashe firji ya goge ya bar ƙofarsa a buɗe. Wanda tafiyarsa za ta ratsa damina kuma ya hau ya duba kwanon rufi, domin yoyo ɗaya ya isa.

Sai dai akwai wuri guda da bushewa ke zama illa, kuma mafi yawan masu sababbin gidaje ba su san shi ba. Masai na tangaran da wurin wanke hannu da ramin ruwan wanka duk suna da lanƙwasa a bututunsu, inda ruwa kaɗan ke tsayawa. Wannan ruwa shi ne murfin da ke tsakanin ɗakinka da sokawe. In ana amfani da banɗaki kullum yana sabuntuwa. In aka rufe gida, zafin Maris da Afrilu yakan ƙafar da shi cikin makonni, sai bututun ya zama titi daga sokawe har gefen gadonka. Ta nan suka shigo mana, na tabbata, domin mun tarar da masan ɗakin yayana a bushe ƙayau, da kashinsu a zagaye da shi. Maganin ba tsada: a naɗe bakin masai da leda mai kauri a ɗaure ko a manne da salatif, a rufe murfin a ɗora dutse, a toshe ramin ruwan wanka da na wanke hannu. Mai masai na gargajiya ya sa murfin da ya zauna daidai, ya zuba toka, ya danne. A duba murfin sokawe, in ya tsage a shafe da siminti, a ɗaura raga a bakin bututun da ke fitar da warinsa. Rariyar tsakar gida ita ma raga za a sa mata, ba toshewa ba, don kada ruwan sama ya taru.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to kyankyaso ko tsagar kirki ba ya buƙata. A 2016 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun nuna cewa babban kyankyaso yana iya matse jikinsa ya ratsa tsagar da ba ta wuce milimita uku ba. Ƙarƙashin yawancin ƙofofin ƙarfen da ake ƙera mana ya ninka haka sau uku ko huɗu. Yinin birkila guda da rabin buhun siminti ya ishi gida mai ɗaki uku: inda bututu ya huda bango, gefen tagogi, bakin silin. Ƙarƙashin ƙofa a buga masa roba, ko a cika tsohuwar ƙafar wando da yashi a shimfiɗa.

Game da abinci ba sai na tsawaita ba, kowa ya san a share a wanke. Abin da ake mantawa shi ne abin da mu ba ma kira abinci. Maiƙon da ya daskare a bayan risho, ƙanzon da ya maƙale a gindin tukunya, sabulu, sitatin tufafi, gam ɗin da aka haɗa littafi da shi, da uwa uba kwali, wanda yake zama musu ɗaki da tuwo a lokaci ɗaya. Takardun fili da na makaranta a sa su a leda a rufe a akwatin ƙarfe ko bokitin roba mai murfi. Tufafi a ajiye su ba sitati. Ragowar gari da daddawa da kuka a bayar sadaka, ya fi a dawo a zubar.

Akwai kuma wata ɗabi'a tamu ta Dawanau. Mutum ya ga gida ba kowa, farashi kuma zai tashi da bazara, sai ya jibge buhu goma na masara a falo. Ɓera ya huda, hatsi ya zube, kyankyaso ya samu gara, daga nan kuma sai a ce ai dole a sa bom saboda hatsin. In ajiya za ka yi, ka yi ta a buhun PICS ko duron ƙarfe mai murfi, a kan katako, nesa da bango. In kuwa hatsin na buƙatar bom, to wurinsa sito ne a kasuwa, ba cikin unguwa ba.

Ban ce kada a sa magani sam ba. Maganin da ya dace da gidan da za a daɗe ba a buɗe ba shi ne wanda ke zaune yana jira, wato na ci. Hodar borik asid, wadda ake samu wurin masu sayar da sinadarai, in aka kwaɓa ta da ɗan gari da sukari aka ajiye a murafen kwalba a lunguna, tana aiki a hankali, kuma muddin ba ta jiƙe ba ƙarfinta ba ya gushewa. Ƙananan da za su fito daga ƙwai bayan wata biyu za su tarar da ita. Akwai kuma wanda ke zuwa a sirinji kamar man goge baki, a ɗiga shi a lungu. Sharaɗi biyu ne: kada a yi feshi a kusa da shi, domin warin zai kore su daga cinsa, kuma a ƙirga inda aka ajiye, a kwashe kafin yara su shigo. Ganyen darbejiya da iyayenmu ke sa wa a akwati ba ya cutarwa, amma kada a dogara da shi. Kafur kuwa ina roƙon mata su raba shi da kayan jariri. Likitocin yara a Nijeriya sun daɗe suna gargaɗin cewa yana fasa jinin wasu jarirai ya jawo musu shawara mai tsanani. Mai jegon da za ta dawo daga wankan gida ita ta fi kowa buƙatar jin wannan, domin ɗakinta ne ake cika wa kafur da fiya-fiya "don kada ƙwari su taɓa kayan yaro".

Saura abu ɗaya, wanda ya fi duk waɗannan, kuma shi mutane suka fi ƙi: a ba wani mukulli. Mutanen da suna cewa gidan da aka bari ba kowa, wasu ne ke tarewa a ciki. Ko me suke nufi, ni dai na ga waɗanda suka tare a namu. Mutum ɗaya da zai shiga duk mako biyu, ya buɗe tagogi na awa guda, ya zuba ruwa a masai in ba a naɗe shi ba, ya share, ya duba rufi, ya fi kowane gwangwanin magani.

Na san dalilin ƙin. Wani ya ba ɗan'uwa mukulli ya dawo ya tarar an tare, fitarwa ta zama rigimar zumunci. Wata ba ta son facala ko maƙwabciya ta san adadin kwanukanta. Wani an yi masa ɗauke-ɗauke. Duk gaskiya ne, ba na raina su. Amma ana iya kulle ɗaki ɗaya da kayan daraja a bar sauran. Ana iya yin magana a fili tun farko, a gaban shaida, a ce dubawa ce ba zama ba, a kuma yanka wa mutum ɗan abin sabulu duk wata. Abin da ba na karɓa shi ne mutum ya ce bai yarda da maƙwabcinsa ya riƙe masa mukulli ba, amma ya yarda ya tura masa guba ta silin ba tare da ko sallama ba.

Shugabannin kasuwar Dawanau suna da abin yi a nan, kuma ba sai sun jira Abuja ba. Bom yana zuwa ne a gwangwani ko bututun ƙarfe a rufe, da gargaɗi a jikinsa. Mai sayarwa da ke fasa shi yana ƙulla ƙwaya biyu ko uku a leda ya san sarai cewa mai sayen ba tirelar wake zai yi wa magani ba. Ƙungiyar da ke iya hukunta wanda ya yi algus a mudu tana iya hana wannan ma. Masu unguwanni da limamai su faɗa a masallaci kafin tafiyar ci-rani da ta Hajji. Masu gidajen haya su sa shi cikin sharaɗi, cewa ba a kulle ɗaki da bom a ciki. Ma'aikatan duba-gari na ƙaramar hukuma kuma, da ake ganinsu wurin masu abinci, su riƙa leƙa teburan masu maganin ƙwari.

Yayana bai sa bom ba a ƙarshe, ba don na fi shi baki ba, sai don matarsa ta ji muna musun ta ce ita ba za ta sake kwantar da 'ya'yanta a ɗakin ba in aka saka. Kafin su koma muka kira birkila, muka naɗe masai uku, muka ƙone kwalaye, na ajiye murafen kwalba goma sha biyu na rubuta inda kowanne yake a bayan ƙofar kicin. Ina shiga ranar Juma'a bayan an sauko, mako ɗaya in tsallake ɗaya. Da suka zo Sallar bana, matattu shida muka share a gidan gaba ɗaya, biyar daga cikinsu a banɗakin tsakar gida, inda ragar rariya ta ɓalle ban lura ba. Na sa an mayar da ita washegari.